Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Kaset ɗin na Yayana ne. A Sabon Gari ya sayo shi, wajen wani mai shago da ke da na'urar kwafa a bayan kanta, wanda in ka ba shi rabin awa zai juye maka duk waƙar da kake so. Bangon ma fotokwafi ne, ya yi dishi-dishi, amma ana gane samari biyu masu dogon kitso, sun sha kwat mai faɗin kafaɗa. A gefe an rubuta Milli Vanilli da jan biro. Shekarar 1990 ke nan, ina ƙaramar sakandare. Rediyonmu mai cin batir 6 ce, don haka Yaya ya hana a mayar da kaset baya da ita, sai dai a zura biro a ramin a yi ta juyawa, kuma aikin nawa ne tunda ni ne ƙarami. Ko rabin Turancin da ke ciki ba ma ji. Muna dai bi da baki yadda kunne ya kama, inda ya gagara mu cike da gunaguni.

Da hunturun shekarar ya shigo, wani abokin Yaya ya zo da mujallar Turawa a naɗe a aljihu, ya buɗe masa wani shafi a soro. Ashe samarin nan ko baiti ɗaya ba su rera ba a cikin kaset ɗin. Yaya ya shigo gida yana huci, ya zare kaset daga rediyo, ya ce wallahi gobe zai ɗora wa'azi a kai. Inna na tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kai da kake kwana a gaban talabijin kallon Indiya," in ji ta, "ai an ce duk matan nan mace ɗaya ce take yi musu waƙar. Ban ga ka fasa komai ba."

"Inna, wannan daban ne."

"Da me ya bambanta?"

Yaya ya buɗe baki, ya rufe, ya fita. Tambayar nan ta Inna ta fi duk sharhin da na karanta daga baya a kan lamarin, kuma ita ta sa nake wannan rubutu bayan shekara 30 da ɗoriya.

Ga wanda bai riski zamanin ba, labarin a Jamus ya faro. Wani furodusa Bajamushe mai suna Frank Farian yana da situdiyo a Rosbach, kusa da Frankfurt. Ya ɗauko wata waƙa ta wasu samarin Baltimore da ake kira Numarx, ya sake mata kiɗa, ya sa ƙwararrun mawaƙa suka rera. Abin da ya rage masa shi ne fuskar da zai liƙa a kai. A 1988 ya samu samari biyu da ke rawa da tallan kaya a Munich, dukansu 'yan shekara 20 da 'yan kai, aljihu ba ko sisi. Rob Pilatus ɗan wani sojan Amurka baƙar fata ne da wata Bajamushiya, ya fara rayuwa a gidan marayu kafin wasu Jamusawa su ɗauke shi riƙo. Fab Morvan kuwa a Paris aka haife shi, asalin iyayensa Guadeloupe. Farian ya ba su kafin alƙalami, suka sa hannu a takarda. A faɗarsu, sai da kuɗin ya ƙare a tufafi da gyaran gashi sannan aka gaya musu cewa ba muryarsu ake nema ba, kuma wanda bai yarda ba ya dawo da abin da ya ci.

A Turai albam ɗin ya fita a ƙarshen 1988 da suna All or Nothing. Kamfanin Arista na Clive Davis ya karɓe shi, ya cire wasu waƙoƙi ya ƙara wasu, ya fitar da shi a Amurka a watan Maris na 1989 da suna Girl You Know It's True. Ma'anar sunan shi ne, yarinya kin san gaskiya ne. Ko marubucin wasan kwaikwayo ya ƙago wannan suna sai a ce ya cika zaƙewa. Karɓuwar da ya samu kuwa ba a magana. Ya hau saman jadawalin Billboard, na faifan da suka fi ciniki a Amurka, ya yi makonni a can. An sayar da kwafi miliyan 6 a Amurka kaɗai. Waƙoƙi 5 daga cikinsa sun shiga sahun biyar na farko, 3 sun zo na ɗaya. Masu sharhin waƙa a jaridu yawancinsu sun yatsina fuska, suna cewa alawa ce mai zaƙi da ba ta ƙosarwa, amma wa ya saurare su? Kaset da ya iso har soron gidanmu a Kano ba ya neman shaidar kowa.

Akwai wani dare da nake yawan komawa kansa. Watan Yuli na 1989, a garin Bristol na jihar Connecticut, suna kan dandamali a rangadin tashar MTV, sai na'urar da ke sakin waƙar ta maƙale. Rabin jimla ɗaya ta shiga maimaita kanta, ta sake, ta sake, alhali bakin mawaƙi ya riga ya wuce wurin. Rob ya ɗan ci gaba da rawa, ya ga abin ba na tsayawa ba ne, ya ruga bayan dandamali. Mai gabatar da shirin, Julie Brown, ita ta bi shi ta lallashe shi ya dawo. Jama'ar da ke filin fa? Suka ci gaba da ihu da tsalle. Waɗanda suka ga abin sun ce kamar ba wanda ya damu. Albam ya ci gaba da tafiya a kasuwa kamar ruwan sanyi a watan azumi. A watan Disamba ɗaya daga cikin masu muryar, Charles Shaw, ya gaya wa ɗan jarida a New York cewa shi ya yi wani ɓangare na waƙar farko, daga baya ya janye maganarsa, aka ruwaito cewa kuɗi Farian ya ba shi ya yi shiru. Duk wanda ya yi hira da samarin ya ji yadda Jamusanci da Faransanci suka danne Turancinsu, alhali muryar da ke faifai ta ɗan Amurka ce tsantsa. Ba a ɓoye abin yake ba. Kowa ya ga hayaƙi, amma tuwo na kan wuta, ba mai son a kashe.

A haka aka ba su lambobin yabo 3 na American Music Awards a Janairun 1990, sannan ranar 21 ga Fabrairu aka miƙa musu Grammy, babban kambun waƙa na Amurka, na gwarzon sabon mawaƙi, suka doke irin su Neneh Cherry da Soul II Soul da Indigo Girls. Abin da ya fasa ƙwan shi ne samarin sun fara ɗaga kai. Suka ce albam na gaba da muryarsu za a yi shi, ko a fasa. Farian ya ga kurarsa na neman cire takunkumi, sai ya riga su. Ranar 14 ga Nuwamba 1990 ya gaya wa manema labarai da bakinsa cewa ba su suka rera ba. Bayan kwana 5 aka ƙwace Grammy, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba, kuma ba a ba wani a madadinsu ba. Arista ya ce bai san komai ba, ya cire albam ɗin daga jerin kayansa. Aka shigar da ƙararraki fiye da 20 da sunan masu saye, daga ƙarshe wata kotu a Chicago ta amince a mayar wa mutane 'yan canjin da ba su wuce dala 3 a kan faifai ba. Wasu suka tara faifan a titi aka bi ta kai da motar daɓen hanya.

To a nan nake rabuwa da yadda aka saba ba da labarin. Ana ba da shi a matsayin labarin maƙaryata biyu da suka yaudari duniya asirinsu ya tonu. Ni kuwa da na duba wanda ya ci da wanda aka daka, sai na ga wasan kura ne irin na ƙofar gidan sarki. Farian shi ya ƙulla, shi ya kwance, kuma ya ci gaba da sana'arsa da arzikinsa har ya rasu a Miami a Janairun 2024 yana da shekara 82, jaridu suna kiransa gwanin da ya iya haɗa waƙar da ke kama kunne. Shugabannin kamfanin ba wanda ya rasa kujerarsa a kan wannan. Cewa da suka yi ba su sani ba, ban da shaidar da zan ƙaryata su, amma mutanen da sana'arsu ita ce kunne, suka yi fiye da shekara suna hulɗa da samarin nan, in har ba su ji ba to ba su so ji ba ne. Masu barkwanci a talabijin suka samu abin yi na shekaru, kuma sunan da suke ja a ƙasa na yaran nan biyu ne. A 1993 suka fitar da albam da muryarsu ta gaskiya, ya faɗi warwas, kwafin da aka sayar bai taka kara ya karya ba. Rob ya faɗa shaye-shaye, ya yi yunƙurin hallaka kansa, ya yi zaman gidan yari a California. A watan Afrilu na 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin otal kusa da Frankfurt, giya da ƙwayoyi sun haɗu sun yi masa yawa. Don adalci, a shekarun ƙarshen nan Farian ya biya masa kuɗin asibitin masu shaye-shaye, har suna shirin sabon albam. Wanda ya tura ka rijiya ya zo da igiya, sai ka rasa ko gode masa za ka yi.

Kuma ba shi ne karo na farko ba. Duk wanda ya yi samartaka a ƙarshen shekarun 1970 ya san Boney M, ƙungiyar waƙar da Farian ya kafa, har yau waƙoƙinsu na tashi a shagunan Sabon Gari in Kirsimeti ya ƙarato. Namijin nan mai tsalle-tsalle da buɗaɗɗen ƙirji, Bobby Farrell ɗan tsibirin Aruba, ba muryarsa ce a sanannun faifan ba. Muryar Farian ce da kansa, ya kauraro ta a situdiyo. Cikin matan uku ma, Liz Mitchell da Marcia Barrett ne ke rerawa a faifai. An san wannan, ba wanda ya bi ta kan faifansu da mota. Bature ɗaya a bayan gilashi, baƙaƙen fata a gaban kyamara, sau biyu cikin shekara 15, kuma duk sau biyun shi ke riƙe da takarda. Ban faɗi haka don in mayar da komai zancen launin fata ba, amma wanda ya kalli hoton bai ga wannan ba, ya rufe ido ɗaya.

Yanzu in koma ga tambayar Inna. Da me ya bambanta da Indiya? Na daɗe ina zaton amsar ita ce, a fim kowa ya san wasa ake yi, a dandamali kuwa ana sa ran gaskiya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba ta cika ba, domin a waccan shekarar ma manyan mawaƙan Amurka da dama suna mamin, wato motsa baki a kan waƙar da aka riga aka naɗa, a dandamali in rawa ta yi zafi, ana kuma yafe musu. Bambancin da na tsaya a kai shi ne suna. Matar da Inna ke nufi, Lata Mangeshkar, sunanta na fitowa a farkon fim, yana kan bangon faifai, ana ba ta kambu da sunanta, kuma ta fi da yawa daga jaruman da suka motsa baki a kan muryarta daraja a ƙasarta. Haka Mohammed Rafi, haka Kishore Kumar. Jaruma ta ari murya a gaban kowa, mai murya ta ari fuska a gaban kowa, kowacce ta tafi gida da rabonta. A bangon albam ɗin Arista kuwa an rubuta ƙarara cewa muryoyin na Rob da Fab ne. Nan satar take. Motsa baki ba laifi ba ne, goge sunan mutum daga aikinsa shi ne laifin.

In kuwa haka ne, wa aka sata? Kotu ta ce masu saye, ta ba su dala 3. Ni ban ga abin da mai saye ya rasa ba. Ya sayi waƙa don ta yi masa daɗi, ta yi masa, kuma ranar 15 ga Nuwamba waƙar ba ta canza ko da harafi ɗaya daga yadda take ranar 13 ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne an gan shi yana son abin da aka ce na bogi ne, kunya ce ta koma fushi. Yaya ma haka ne, ya sha yin kurin samarin nan a majalisa, har ya so ya tara gashi Baba ya ce ba a gidansa ba. Waɗanda aka sata su ne John Davis da Brad Howell da Charles Shaw, da tagwayen nan Jodie da Linda Rocco masu amshi. Davis tsohon sojan Amurka ne da ya zauna a Jamus yana waƙa a gidajen rawa. Howell ya haura shekara 40 a lokacin. Muryarsu ta shiga gidaje miliyan 6, an ba ta Grammy, amma da aka gane tasu ce sai aka mayar da kambun cikin akwati. Wato murya ta cancanci yabo muddin a bakin kyakkyawan saurayi take, da ta koma bakin mai ita sai ta zama ba komai. A 1991 Farian ya tara su ya fitar da albam da sunan Milli Vanilli na gaskiya, Amurka ko kallonsa ba ta yi ba. Duk masu ihun an cuci gaskiya, da gaskiyar ta fito da fuskarta ba su saya ba.

A daidai wannan lokaci wata mawaƙiya Ba'amurkiya, Martha Wash, tana fama da irin wannan. Muryarta ce a manyan waƙoƙin rawa na C+C Music Factory da Black Box, amma a bidiyo sai a sa siririyar mace tana motsa baki, don ita mai jiki ce. Ita ba ta jira wani ya tona ba, kotu ta tafi, ta kuma samu a rubuta sunanta. Ita ce ta gane inda ciwon yake.

Ba na wanke Rob da Fab tas. Ba yara ba ne, sun san abin da suke yi, sun yi shekara biyu suna cin daɗinsa. Sun hau dandamali sun karɓi kambu suna murmushi. Mujallar Time ta ruwaito Rob yana ɗora kansa sama da su Paul McCartney da Bob Dylan, ko da yake daga baya ya ce ba a fahimci Turancinsa ba. Wannan bakin ya ƙara wa wutar da ta cinye shi mai. Amma ina so mai karatu ya tuna kansa yana ɗan shekara 22, ba aiki, a ƙasar da ake kallonsa bare, a miƙo masa kuɗi da alkawarin cewa karo na gaba za a bar shi ya rera. Mu da muka ga yadda samari ke sa hannu a takardar da ba su karanta ba don a sa su a fim ko a kai su ƙwallo waje, bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Laifinsu na wanda ya riƙe ƙafar akuya ne. Mai wuƙar daban.

Abin da ya sa labarin bai tsufa a wurina ba shi ne mu ma muna da tamu sana'ar ta fuska da murya. Tun da finafinan Hausa suka ɗauki rawa da waƙa a shekarun 1990, tsarin Indiya muka bi: mawaƙi ya shiga situdiyo, jarumi ya hau waƙar ya yi mamin. Kuma ta wani gefen mun fi Arista gaskiya nesa ba kusa ba. Ba wanda ya taɓa cewa jarumar ce ke rerawa. Yarinyar da ke talla ma ta san muryar Fati Nijar, 'yar Maraɗi, ta san ta Maryam A. Baba, ta san ta Misbahu M. Ahmad da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, ko a bakin wa aka ɗora ta. Muna da wata tsohuwar al'ada ma da nake ganin ta fi kowace doka ta haƙƙin mallaka aiki a ƙasar da kaset ke yawo ba bango. Marubutan waƙoƙinmu na da kan sa sunansu a baitocin ƙarshe, wani har da garinsu da shekarar da ya gama. Makaɗin gargajiya kan kira mai kalangunsa ko ɗan amshinsa a tsakiyar waƙa. Mawaƙan zamani suka gaji abin, za ka ji mutum ya ambaci kansa da mai kiɗansa da situdiyon kafin waƙa ta ƙare. Wasu na ganin cika baki ne. Ni ina ganin hikima ce ta wanda ya san mai kwafa zai yar da bango, amma ba zai iya cire baiti ba.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. Akwai wata yarinya a unguwarmu, ƙanwar abokina, Allah ya ba ta murya mai ratsa jiki. Shekaru da suka wuce wani mai situdiyo yakan aiko a kira ta in ana neman muryar mace. Ta je da rakiyar ƙaninta, a rubuta mata baitoci a takarda, namijin ya rera mata karin sau biyu, ta shiga ɗan akurkin nan mai katifa a bango ta yi, a ba ta kuɗin mota da ɗan abin sabulu. Wata waƙa da ta yi amshi da rabin baitocinta ta zagaye gidajen biki shekara guda cur. Na taɓa zama a wani biki ana sakin waƙar, jarumar da ta hau ta a fim tana tsakiyar fili ana yi mata liƙi har kuɗi na taruwa a ƙafarta, mai muryar kuwa tana can layin baya da ƙawayenta, tana cin shinkafa a roba. Namijin ya faɗi sunansa a ƙarshen waƙar, ya faɗi na mai kiɗa. Nata bai fito ba. Da na tambaye ta ko abin na damunta, sai ta yi dariya.

"Yaya, ai gara haka. In Baba ya ji sunana a rediyo na shiga uku."

Wannan amsa ta rufe mini baki, domin ta nuna mini cewa a wurinmu ɓoye suna wani lokaci sutura ce, mai muryar da kanta take nema. Amma suturar da ta roƙa ba ta ba kowa izinin cinye rabonta ba. Mai situdiyon ya san ba za ta yi ƙara ba, ya san ba za ta fito ta ce ni ce ba, ya kuma yi lissafinsa a kan haka. Farian ma lissafin da ya yi ke nan a kan mutanen da yake shigo da su situdiyo da dare.

Ina kuma sane da cewa ni ma ba ni da bakin yin wa'azi sosai. Kaset ɗin da Yaya ya yi fushi an yaudare shi a kansa na kwafi ne. Ko kwabo daga kuɗinsa bai je hannun Farian ba, balle na John Davis. Mai shagon Sabon Gari ne ya ci. Mun saci waƙar, sannan muka ji haushi da aka ce wanda muka sata a wurinsa ba shi ne mai ita ba.

Yau kuwa abin da aka kashe Milli Vanilli a kansa ya zama wasan yara. Buɗe TikTok ka ga dubban samari da 'yan mata daga Kano zuwa Damagaram suna mamin a kan muryar wasu, wasu har sun yi suna da kuɗi da haka, ba mai cewa sun yi damfara, tunda ga sunan mai sautin nan yana yawo a ƙasan allo. Na'urar gyaran murya ta sa wanda ko kiran awaki bai iya ba yana fitar da waƙa. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta iso, wadda za a ba ta muryar mutum ta haddace, ta rera abin da bai taɓa rerawa ba, ko yana raye ko ya mutu. Farian sai da ya nemi mutum mai rai ya ɓoye shi a Rosbach, ya kuma biya shi ya yi shiru. Magajinsa na yau ba ya ma bukatar wanda zai biya. Duk wata muhawara da za a yi a kan wannan, a Legas ko a Kano, in aka tsaya a kan ko an yaudari mai sauraro, an sake yin kuskuren kotun Chicago. Mai sauraro zai ji daɗinsa ya wuce. Tambayar da ke da nauyi ita ce muryar wa aka ɗauka, ya yarda ko bai yarda ba, kuma me ya shiga aljihunsa.

Waƙoƙin kansu sun ƙi mutuwa. A 2023 an yi fim biyu a kan labarin, ɗaya na tattara bayanan gaskiya, ɗaya na wasa a Jamus. A 2024 wani shirin Netflix ya sa waƙoƙin a ciki, yaran da ba a haifa ba lokacin abin kunyar suka bi su suna saurare, ba ruwansu da wanda ya motsa baki a 1989. Fab Morvan yana nan da ransa, ya koyi waƙa da gaske, yana rerawa da muryarsa. Shekaru kafin cutar korona ta ɗauke John Davis a watan Mayu na 2021, su biyun sun riƙa hawa dandamali tare, a wani shiri da suka sa wa suna haɗuwar fuska da murya. Ba filayen MTV ba ne, 'yan kallo ba su kai na da ba, amma kowa na riƙe da makirfonsa, kuma kowanne yana aiki.

Yaya bai ɗora wa'azin ba. Bayan rasuwar Inna muna kwashe kayan ɗakinta, muka tarar da kaset ɗin a cikin wata tsohuwar kwalla, tare da katin asibiti da zaren ɗinki. Jan biron ya koɗe. Yaya, da furfurarsa, ya juya shi a hannu, ya ce ko akwai mai rediyon kaset a unguwar nan. Ba mu samu ba.